Rigar Uwani, Lamba Shida

Unguwar Shanu, Kaduna
1 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga 'yata Sa'adiya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Dauda da yara, da fatan Yola tana riƙe da ku lafiya. Ni ina nan. Gwiwa ce dai take yi mini gardama da safe, sai rana ta ɗaga take sakina.

Yau an ba ma'aikata hutu, wai ƙasa ta cika shekara ashirin da biyar da samun mulkin kai. Tun da hantsi nake jiyo badujala daga wajen Doka. Ni nawa hutun tun 1975 aka ba ni, ban kuwa nema ba. Kin san labarin, amma ba zan gaji da faɗarsa ba. Mutum ya yi karatu har aka tura shi kwas Ingila, ya riƙe ofis tun Turawa ba su gama ɗaure kayansu ba, sannan wata safiya masinjan da yake ɗaukar masa jaka ya miƙa masa takarda, wai an sallame shi saboda ƙwazonsa ya ragu. Yaran da na koya wa rubuta wasiƙar ofis su ne yau suke wuce ni a mota, suna kau da kai kamar sun ga mai bara. Ban yafe ba, ban kuma ga ranar yafewa ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ruwan ƙarshen damina ya sami hanya ta rufin ɗakin mahaifiyarki, sai na janye keken ɗinkinta daga jikin bango. Tun rasuwarta ban ɗaga murfinsa ba. Kin tuna yadda 'yan'uwanta suka share ɗakin bayan sadakar arba'in, ko tsintsiya ba su bari ba. Keken ma nauyi ne ya hana su. To, a cikin murfin na sami abin da idonsu bai kai ba.

Na farko zane ne guda ɗaya, atamfar nan shuɗiya mai ganye ruwan ƙwai. Shi ne a jikinta ranar da na dawo da takardar sallama. Ta karanta, ta ninke, ta ce, "To, Malam, wanke hannu, tuwo yana hucewa." Ban da wannan zanen, babu wani abu nata da ya taɓa jikinta da ya rage a gidan nan.

Na biyu ambulan ne guda uku, na takardun samfurin riga da ta saya lokacin da take zuwa ajin ɗinki na matan ma'aikata. Riga iri ɗaya ce ta 'yan mata, mai tattara a ƙugu da gajeren hannu, sai dai lambarsu ta bambanta: shida, takwas, goma, wato shekarun yarinyar da za ta sa.

Sa'adiya, na warware ta goma a kan tabarma, na daɗe a durƙushe har na manta da gwiwa. Takarda ce sharara kamar ɓawon albasa. Wani mutum ya zauna a wata ƙasa, ya ɗauki jikin ɗan Adam, da tudunsa da kwarinsa da lanƙwasarsa, ya shimfiɗa shi a fili kamar taswira. Ga kafaɗa, ga hammata, ga ɗan sarari da aka bar wa ƙirji don ya yi numfashi. Da na ɗaga ta wajen haske sai na ga ƙananan huji birjik, duk inda mahaifiyarki ta taɓa soka fil. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ban taɓa riƙe takardar da ta sa tsigar jikina ta tashi kamar wannan ba.

Ta takwas da ta goma sun sha hannu, har an lilliƙe su da gam. Ta shida kuwa sabuwa ce, ko ninkinta ba a warware ba. 'Yarki Uwani, takwarar kakarta, wadda rabona da ita tun tana zanen goyo, bana ta cika shida. Ban cika yarda da alamu ba, amma wannan kamar jiranta ake yi.

Na yi niyyar ɗinka mata rigar da zanen, da hannuna. Ba zan ba tela ba, zanen nan ba zai shiga hannun da bai san mai shi ba. Sai dai yadi biyu ne kacal, yanka ɗaya zai ɗauka. A bayan ambulan an rubuta cewa ƙirjin lamba shida inci ashirin da biyar ne. Ki sami tef ki auna mini ƙirjinta, da ƙugunta, da tsawonta daga wuya zuwa gwiwa. Na san 'yar fari ce, na san sunan da take ɗauke da shi, na san kunyar da aka ce uwa ta ji. Amma ke malamar makaranta ce. Lamba na tambaye ki, ban ce ki yabe ta ba.

Mahaifinki,
Rabe

*

Yola
10 ga Nuwamba, 1985

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, ina yi maka sannu da jiki. Don Allah ka riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ka kuma rage durƙuso a kan tabarma. Mu duk lafiya. Ƙananan biyu sun yi mura amma sun warke, sun koma kokawarsu, ka san maza. Maigidan yana gaishe ka. Ana ta raɗe-raɗin za a canja masa wurin aiki, amma ba mu ga takarda ba tukuna.

Baba, da na karanta zancen zanen Inna sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na san shi. Shi take ɗaurawa in za ta raka ni bakin titi in hau motar makaranta, kuma a gefensa take ƙulle mini gyaɗa. Ban ɗauka akwai sauran abinta a duniya ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na kuma yi dariya, ka gafarce ni, da na tuna ko maɓalli ban taɓa ganin ka ɗaura ba. Allah ya ba da sa'a. Ka kula da allurar keken, Inna tana cewa ba ta san yatsan mai gida ba.

Game da abin da ka tambaya, Baba, yarinya ce dai kamar sauran yara. Ba ta da wani jiki da za a tsaya aunawa, sai ɓarna da surutu. Ka ɗan dakata da zanen, in Allah ya yarda za mu zo ka gan ta da idonka, ya fi.

Mutuniyar taka ta ji ana karanta wasiƙar. Ta ce a gaya wa tsohon mijinta na Kaduna, in rigar ba ta da aljihu ba ta so, kuma ta fasa auren.

'Yarka,
Sa'adiya

*

Unguwar Shanu, Kaduna
19 ga Janairu, 1986

Zuwa ga Sa'adiya,

Gaisuwa gare ku duka. Na ji daɗi da mazajen suka warke. Gwiwa da sauƙi, ina gasa ta kamar yadda kika ce. Yanzu yatsa ne a naɗe, mahaifiyarki ta yi gaskiya game da allurar.

Ki gaya wa amaryata za ta sami aljihunta. Ki kuma gaya mata ni ma ba na auren mai baki, ta rage surutu kafin in kai kaya.

Ban taɓa zanen ba tukuna. Na kai keken aka wanke shi aka sa masa mai, sannan na yi gwaji a kan wani tsohon zanen gado. Makon farko zare kawai nake cukurkuɗewa a ƙoshiya, inda zaren ƙasa yake zama. Ƙafa tana gaba, hannu yana baya, keke yana juyawa inda ya ga dama. Har na yi niyyar rufe shi in koma sauraron rediyo ina zagin masu mulki. Sai wata rana ƙafar ta gane da kanta, ɗinki ya miƙe ɗoɗar.

Bari in gaya miki abin da ya fi ba ni mamaki, hannun riga. Idan kika ga samfurinsa a shimfiɗe ba za ki ce hannu ba ne, ya fi kama da tudun da yara suke zanawa a allo. Bakinsa kuma ya fi ramin da za a sa shi tsawo. Na auna, na sake aunawa, na ce Turawan nan sun yi kuskure, har na ji daɗin kama su. Amma takardar ta ce a bi bakin da dogon ɗinki, a ja zaren a hankali. Na ja. Sa'adiya, ƙyallen nan da yake kwance shame-shame sai ya tashi a tafin hannuna, ya zama kafaɗa. Kafaɗar yarinya sosai, mai zagaye, babu kowa a ciki. Na ce subhanallahi da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki. In ɗan Adam da takarda da zare zai iya wannan, ina ga Wanda ya yi kafaɗar ta gaske ba da samfur ba?

Ina cikin haka maƙwabcina Inuwa ya leƙo, Bakanon nan da ya yi ritaya daga reluwe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Bazazzagi, abin har ya kai haka? Daga babban tebur an koma taka keke?"

Na ce, "Ku Kanawa da allura aka haife ku, shi ya sa ba ku san darajarta ba. Shigo ka ga aikin masu ilimi."

Ya ɗaga rigar gwajin yana jujjuya ta. Ya ce, "Wallahi riga ce. Ina mai ita?"

Na ce tana Yola.

"Ka gan ta?"

Na ce ban gan ta ba, amma na san shekarunta, ga kuma abin da uwarta ta rubuto. Na karanta masa inda kika ce ba ta da wani jiki.

Ya ce, "Ai gaskiya ta faɗa. Yaran ostariti, wannan zamani na tsuke bakin aljihu, ina suka ga jiki? Jikokina in ka tattara su duka ba za su cika buhun gero ba. Yanka shida, sai ma ta yi mata yawa ta shekara biyu tana sawa."

Ni ma haka na fahimci maganarki. Ke da kike tsayawa gaban aji kullum kina ganin yara sa'o'inta, in kika ce kamar sauran yara take, to lamba shida ke nan, tunda don sauran yara aka buga ta. Duk da haka na fi son in ga lamba a rubuce.

Zancen zuwanku kuwa, kada ki ji haushi, na ji irinsa kowace shekara tun tana rarrafe. Ba na zargin kowa, hanya da nisa, aiki kuma ba ya sakin mutum sai ranar da ya gaji da shi. Amma shekaruna ba na jira ba ne. Ina so ta sa rigar ranar ƙaramar Sallah. In aka ga watan azumi ban ji wata magana daga gare ki ba, zan ɗauka kin amince, zan yanka shida.

Mahaifinki,
Rabe

*

Mubi
27 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka, ina fatan yatsa da gwiwa sun warke. Muna lafiya. An mai da maigidan Mubi tun farkon shekara, na kuwa aiko maka da saƙon baki ta wani direba, da alama bai isa ba. Wasiƙarka ta Janairu tana can tsohuwar makarantarmu a Yola, sai jiya wata malama ta zo biki ta kawo mini. Ban ko ci abinci ba na zauna rubuta wannan.

Baba, don girman Allah kada ka yanka shida.

Ka ce ambulan ta shida sabuwa ce, kamar jira take yi. Ba jira take yi ba. Inna ta sayo ukun ne rana ɗaya, ina 'yar shekara biyar, don ta riƙa bi na da su. Da ta dawo gida ta auna ni sai ta tarar na riga na wuce shida. Da takwas ta fara mini, kafin in shiga aji biyu muna kan goma. Kullum ni ce a ƙarshen layi a makaranta. Inna tana cewa matan gidansu haka suke, ƙashi ne da su, ba sa jiran shekaru.

Wannan labarin kaina na ba ka, shi zan iya bayarwa. Abin da na rubuta maka a baya, abin da kowace uwa za ta faɗa ne in an tambaye ta a gaban mutane. Na ɗauka za ka gane, tunda na ce ka dakata. Na riƙe tef ɗin sau da yawa, Baba, amma in rubuta wa mahaifina cewa ga yadda take, ga yadda ta kai, da sunan Inna a kanta, hannuna ya ƙi. Makaranta ba ta cire mini wannan ba. Na ba ƙanwar maigidan, Hassana, da take zaune tare da mu, ta ƙarasa.

'Yarka,
Sa'adiya

Baba, ina wuni. Hassana ce. Ni ba 'yar farina ba ce, don haka zan faɗa, masha Allah, bakina ba na mugunta ba ne. Uwani zabgegiya ce. Ta fi duk 'yan ajinsu tsawo har da mazan, kayan 'yan shekara goma ake saya mata a kasuwa. Na auna ƙirjin, inci ashirin da tara ne, ko da yake tana ta dariya tana zillewa. Uwarta tana can ta juya mana baya wai tana tsince shinkafa. A yanka goma, Baba.

*

Unguwar Shanu, Kaduna
14 ga Mayu, 1986

Zuwa ga Sa'adiya,

Barkanku da shan ruwa. Ina fatan kuna lafiya a Yola, azumi kuma yana zuwa muku da sauƙi. Ni lafiya, sai zafin gari da jiran ruwa. Na leƙa gidan waya har ma'aikacin ya fara gaishe ni da suna, ban sami komai daga gare ki ba. Na ɗauki shirunki amincewa, kamar yadda na faɗa.

Na yanka.

Ranar azumin farko, da hantsi ya haska tsakar gida, na wanke hannu na shimfiɗa zanen a kan tebur. Da na ɗora masa dutsen guga sai ƙamshin turarenta ya taso. Shekarun nan duka yana ɓoye a cikin zaren, zafi kawai yake jira. Sai da na ajiye dutsen na zauna. Ban san ƙyalle yana riƙe mutum haka ba.

Na warware samfurin shida, ni ne mutum na farko da ya taɓa buɗe shi. Na jera gaba da baya da hannuwa, na bi ganyen atamfar don kada ya zo a kife, na kafe da fil. Na yi bisimilla. Hannun da ya sa hannu a takardun da suka motsa mutane daga gari zuwa gari, shi ne ranar nan ya ɗauki almakashi. Da almakashin ya kama, sai ya tafi sumul, da wata ƙara mai taushi da ban taɓa kula da ita ba.

Na yi kuskure ɗaya irin na ɗan koyo. Na manta ban juya samfurin hannu ba, sai na yanko hannun dama biyu. Allah ya taimake ni lamba shida ba ta cin yadi da yawa, akwai ragowa, na fitar da na hagu daga ciki. Ɓataccen hannun kuma shi na mayar aljihun amarya, har guda biyu, kada ta sami abin faɗa. Bayan na haɗa, na bi bakin ɗinkin ta ciki na datse shi ƙut-ƙut kamar yadda takardar ta ce, don kada ya soki yarinya. Cikin rigar ya yi tsaf kamar wajenta.

Jiya na kalmashe ƙasan, na ɗaura maɓallai, na rataye ta a igiyar tsakar gida. Sai iskar hadari ta taso ta shige ta. Ƙirjin ya cika, hannuwan suka ɗaga, tattarar ta buɗe tana juyawa. Inuwa yana zaune a kan turmi yana jiran a kira salla, sai ya manta da tsokana, abin da ban taɓa ganin Bakano ya yi ba. Can ya ce, "Rabe, sauke ta. Kamar za ta yi sallama."

Tun da aka sallame ni ban gama wani abu na tsaya ina kallonsa ba sai wannan. Ba na so in sa ta a gidan waya. In akwai mai zuwa daga wajenku, ki turo shi ya karɓa.

Mahaifinki,
Rabe

*

Unguwar Shanu, Kaduna
22 ga Yuni, 1986

Zuwa ga Sa'adiya,

Barka da Sallah, ko da yake ta wuce. Ina fatan Dauda da Uwani sun iso Mubi lafiya, kin kuma ji sauƙin zazzaɓin da ya hana ki biyo su. Ni lafiyata ƙalau.

Wasiƙarki ta Afrilu ta same ni a tsakiyar azumi, rigar tana ninke a cikin akwati. Tawa ta Mayu kuwa tana can Yola tana neman ki. Ban ba ki amsa ba domin ban san me zan ce ba. Na karanta taki, na karanta ta Hassana, na ɗauko rigar na auna, na ce wataƙila tef ɗin Mubi ya bambanta da na Kaduna. Har na ce wa Inuwa yarinya mai dariya ba ta aunuwa daidai. Ya ce haka ne, amma bai kalle ni ba.

Sai ga Dauda ranar Talata, ya zo taron ofis, ya ce kin ce lallai ya taho da ita. Ina zaune a zaure ya yi sallama. Na amsa, ina duban ƙasa-ƙasa wajen ƙugunsa, inda nake tsammanin ganin kanta. Kanta ba ya wurin. Sai na ɗaga ido.

Sa'adiya, ban san yadda zan rubuta miki wannan ba, ke da ba ki son a faɗa. Ki yi haƙuri, ni kaka ne, an yarda mini. Ta tsaya a bakin zaure, haske yana bayanta, kafaɗun nan a buɗe, wuya a miƙe, ta ɗan karkata kai gefe tana ƙare mini kallo. Tsayuwar mahaifiyarki ce, ba kama ba, ita ce. Yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba, wa ya koya mata? Na ajiye jaririya a raina duk shekarun nan, ina ƙara mata inci kaɗan-kaɗan yadda takarda ta ce, ashe can ana ta ginin mutum ba a shawarce ni ba. Masha Allah. Na faɗa a zuci, na faɗa a fili.

Ta ce, "Kai ne mijin? Ai ka tsufa da yawa."

Na ce, "Ke ma an ce mini 'yar ƙarama ce, ga shi an kawo mini falwaya."

Ta ce, "Ina rigata?"

Dauda ya ce, "Ke, ba a gaisuwa?" Ta durƙusa ta gaishe ni a gurguje, ta miƙe ta sake cewa, "To ina rigar?"

Na so in ce ban gama ba. Amma ta riga ta shige ciki, ta ga keken, ta tsaya a kan akwatin kamar an nuna mata. Na buɗe na ba ta. Ta ɗaga ta, ta kara a jikinta, ƙasan bai kai gwiwa ba. Ta ce, "Tsoho, wannan ta ƙanwata ce? Ai ba ni da ƙanwa."

Na ce ta bari kawai. Ta ce tata ce, an ce tata ce, sai ta sa. Ta zura kai ya wuce. Ta zura hannu ɗaya ya shiga da ƙyar. Ina cewa tsaya, tsaya, ta tura na biyun da ƙarfin nan nata. Ba ɗinkina ne ya saki ba, ɗinkin yana nan daram. Zanen ne ya gaji. Ya tsage daga kafaɗa ya gangara har tsakiyar baya.

Ta tsaya cak, rabinta a ciki rabinta a waje, ido ya kawo ruwa, tana jiran faɗa. Na ce, "Kin ga abin da nake gudu ke nan, matar da ta fi ƙarfin kayan lefenta." Sai ta yi dariya da hawaye tare. Muka cire ta a hankali ni da babanta.

Dauda, Allah ya yi masa albarka, ya ce a kai wa tela ya ƙara wani yadi a gefe da gefe. Na nuna masa cikin rigar. Na datse bakin ɗinkin, babu abin kamawa, tsagar kuma ba a kan ɗinki take ba. Ya mayar mini da ita.

Kafin su tafi na ce ta zo in auna ta da kaina. Ta ɗaga hannuwa sama tana cewa ina yi mata cakulkuli. Na zagaya tef ɗin a ƙirjinta, sai na ga lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya. In ta ja numfashi ta haura, in ta sauke ta dawo. Na daɗe ina kallon wannan, har ta ce, "Tsoho, hannuna ya gaji." Hassana ba ta yi kuskure ba. Ki gode mata.

Kada ki sa wa ranki damuwa, kada kuma ki yi wa yarinyar faɗa. Kin faɗi abin da bakinki zai iya faɗa.

Bayan tafiyarsu na share ɗaki, na zana faɗin zanen da tsawonsa a ƙasa da alli, na jera samfurin goma a ciki, wanda mahaifiyarki ta huhhuda da fil. Ya shiga duka, har da wurin aljihu. Yadi biyun da sun isa.

Abin da ya rage na zanen yanzu ƙyalle ne da bai rufe tafin hannuna ba, da riga lamba shida mai tsaga a baya. Babu wani zanen nata.